Gidan Baƙin da Aka Toshe wa Indararo

Tun da na dawo daga ƙasar Zamfara 'yan majalisarmu suka hana ni sakat. Wannan ya ce, "Malam Sabo, ina tsarabar zinariya?" wancan ya ce na rame, ko 'yan daji ne suka riƙe ni kwana biyu. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, don duk sanda na ɗauko shi sai raina ya ɓaci in yanke. To ga shi ɗungurungum, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Ni magini ne, ginin ƙasa, gadon gidanmu. Wanda ya kira ni kuwa Malam Bello ne, malamin makaranta, ya yi zaman karatu a unguwarmu shekarun baya, a shagon ƙofar gidanmu yake kwana. Ya ce a garinsu akwai wani tsohon gidan baƙi kusa da kasuwa, inda marasa wurin kwana ke fakewa, kuma hukuma ta ware kuɗi a gyara shi. Takardar kuɗin ta ce a gyara ba tare da an ɓata tsohon fasalinsa ba, shi ya sa ya matsa wa kwamitin aikin a kira wanda ya san ginin ƙasa. Sunan garin ba zan faɗa ba. Yana tsakanin Bukkuyum da Gummi, masu shi sun san kansu.

Uwargida ta ce kada in je. Na ce mata mutum ya kira ni a kan sana'ar ubana, in na ƙi zuwa da wane ido zan dube shi? Na haɗa cokalin gini da igiyar awo da 'yar guduma, na ƙulla katsi rabin buhu. Katsi, ga wanda bai sani ba, lakar gindin marina ce da muke ƙonawa mu shafe rufin soro da ita don kada ruwa ya ratsa.

Katsin nan shi ya fara jawo mini magana. Mun wuce Funtuwa, muna shiga iyakar Zamfara, aka tsayar da mu a shinge, aka ce kowa ya nuna kayansa. Wani jami'i ya kwance buhuna, ya ga gari toka-toka, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce daga wane rami na haƙo. Na ce daga marina. Ya ce wace marina ce ake samun zinariya a cikinta? Na yi bayani har bakina ya bushe, fasinja suna ta tsaki, rana tana dukan mota. Allah ya taimake ni akwai wani mai haƙar zinariya a cikinmu, ya sauko ya murza garin a yatsa, ya shinshina, ya ce, "Yallaɓai, in wannan zinariya ce, to tokar murhun Innata ma zinariya ce." Jami'in ya yi dariya ya sake mu. Amma daga nan har Gusau sunana a motar ya koma Alhaji Mai Zinariya.

Na kwana a Gusau, don babu direban da zai kama hanyar Anka bayan la'asar. Da hantsi motoci suka tashi a jere, babu mai yarda ya zama na farko ko na ƙarshe. Mu a Kano in mota ta ɗau hanya sai hira da gardamar siyasa da ta ƙwallo. A nan akwai wurin da direba ya kashe rediyo, kowa ya yi tsit, wata tsohuwa a bayana tana jan carbi har ina jin ƙarar 'ya'yansa. Gonaki ga su nan shimfiɗe, ƙasa mai kyau, amma wasu ƙauyukan ko kaza ba ka gani. Sai da muka hango rufin kwanon Anka sannan direba ya ce, "To jama'a, a ci gaba da magana."

A tashar Anka na ci hoce. Wani abu ne kamar waina amma na dawa, gasasshe, mai ɗan tsami. Na ɗauka na kai baki haka nan, na kusa barin haƙorina a ciki. Mai sayarwa ta tuntsire da dariya ta ce, "Bakano, ba haka aka ci nai ba." Ta marmasa mini shi a miyar sure, ta barbaɗa ƙuli. Wallahi da na gama sai da na ƙara. Maganarsu ma sai ka kasa kunne, munka, sunka, anka, lahiya lau. Amma gaisuwa ce da su kamar ba za a gama ba, sai an tambaye ka gida da ɗiya da gajiya da zafi sannan a ce me ke tafe da kai.

Malam Bello ya tare ni a bakin titi bayan mun wuce mararrabar Bukkuyum. Ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon shinkafar Gummi da kifi wanda ban taɓa cin mai zaƙinsa ba. Ina ci yana ta kame-kame. Na ce, "Bello, ka faɗi abin da ke bakinka." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Sabo, an gama aikin."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce an gama, to ni me na zo yi?

Ya ce tun da ya kira ni ɗan kwangilar da aka ba aikin ya ji labari, ya ƙaro leburori aka yi aikin wata biyu a kwana goma. Nan da kwana uku za a yi bikin buɗewa. Abin da ake so da ni kawai in sa hannu a takarda cewa ƙwararren maginin gargajiya daga Kano ya duba ya ga an kiyaye fasali, a ɗauke ni hoto a gaban ginin. Wato na ratso dajin da ake kashe rediyo don in zama ado a hoto.

Da safe muka je. Daga nesa, gaskiya, abin ya yi kyau: fari fat, da koren layi a ƙasa, da allo mai sunayen manya. Da na matso na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, sai na ji yana amsawa kamar ganga. An lafta siminti a kan ginin ƙasa. Duk ɗan koyo ya san ƙasa da siminti ba sa zaman aure. Ƙasa tana shan damshi ta fitar, siminti kuwa ya kulle ta, sai ta ruɓe a ciki shi yana ƙyalli a waje. Kitso da ƙwarƙwata ke nan. Na haɗiye wannan, na ce ko ba komai zai kai shekara biyu ko uku kafin ya ɓamɓare.

Sai na ɗaga kai. Na duba gaba, na duba gefe, na zaga baya na dawo. Na ce, "Bello, ina indararon gidan nan?"

Kafin ya amsa wani tsoho da ke zaune a dakali ya ce, "Sun cire su, ɗana. Guda shida, na giginya, tun na kakanni."

Shi ne Baba Ummaru. Manomi ne daga wani ƙauye can wajen Sunke. Ya ce mini jikokinsa biyu sun rasu a shekarar gubar dalma, ɗansa kuma 'yan daji suka kashe a gona, sai ya goyo matarsa a jaki suka zo nan. Dogo ne, siriri, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, in zai tashi sai ya dafa bango. Ya ja ni ɗakinsu, na kusurwar gaba, don in gaida matar. Inna Kulu tana kwance a gadon kara, ɓarin jikinta ya shanye shekara uku ke nan, amma bakinta garau. Ta ce, "Kai ne Bakanon da anka ce za ya zaka? Sannu da hanya. Ummaru, ba shi ruwa mana, ka tsaya kana kallo nai."

Ina shan ruwa ina kallon rufin. Azara ce ta giginya, baƙa wuluk, an jera ta kamar haƙoran mataji, ko gara ba ta taɓa ba. Wanda ya ɗaura rufin nan ya san aikinsa, Allah ya jiƙansa. A kan azarar nan akwai ƙasa mai kaurin kamu biyu, kuma daidai ƙarƙashinta matar nan take kwance, ko gobara aka yi ba ta iya mirginawa.

Baba Ummaru ya ba ni tarihin gidan. Wani falke ne ya gina shi don baƙon da ba shi da mai masauki. Al'adar gidan, ba a tambayar mutum daga ina ya fito sai ya kwana uku. Na ce mu a birni ko hayar shago za ka kama sai an kai ka gaban mai unguwa. Yanzu masu gudun hijira ne a ciki, da tsofaffin da ba su da kowa, da masu haƙar zinariya waɗanda rami ya karya. Kuma duk shekara kafin ruwan farko ana gayyar yaɓe: masunta su kawo laka daga fadama, matan kasuwa su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa yaɓe, duk wanda ya taɓa kwana a gidan ya zo ya taka ƙasa ko da sau ɗaya ne, a hau sama a toshe tsaga, a share bakin indararo. Da haka gidan ya ga jikokin jikokin wanda ya gina shi, babu sisin hukuma. Bana da mutane suka taru aka kore su, aka ce an ba da kwangila, kada wanda ya taɓa.

Ana haka sai ga ɗan kwangilar, wanda kowa ke kira Injiniya, da farar shadda da waya biyu a hannu. Ya miƙo mini hannu yana murmushi, ya ce ya ji labarina. Na ce ni ma na ga aikinsa, ina indararo? Ya ce ai waɗannan itatuwan ƙauyanci ne, suna ɓata fuskar gini, ga shi daidai wurin allo suke. Ya ɗaga bangon rufin da bulo, ya shafe saman da siminti, ya sa bututun roba guda a baya, ruwa zai bi ta can.

Na ce a kawo tsani da buta.

Muka hau, ni da shi da Malam Bello. Simintin da ya shimfiɗa bai fi kaurin faranti ba, har zafin bazara ya tsattsaga shi. Na tsaya a tsakiya na tuttular da butar. Ruwan ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya gangara gaba, ya bar bututun Injiniya a baya, ya je ya taru a kusurwar da ke kan ɗakin Inna Kulu. Magina na da sun karkata rufin zuwa titi, shi kuma ya toshe titi ya buɗe tudu. Na ce, "Injiniya, wannan ba rufi ka yi ba, kwatarniya ka yi. Ruwa ɗaya mai ƙarfi, ƙasar nan za ta sha ta yi nauyin da azara ba za ta ɗauka ba. Akwai mace a ƙasa wadda ba ta iya tashi."

Ya ce, "Malam, kai ka yi karatun gini ne?"

Na ce ban yi ba, amma ruwa ma bai yi ba, kuma ga inda ya nufa.

Ya ce bayan biki za a duba. Na ce to a fitar da tsofaffin zuwa wani ɗaki. Ya ce sauran ɗakunan a cike suke, wanda ya rage kuma an zuba kujerun biki. Na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce hannu dai ba nawa kaɗai ba ne a duniya. Na sauko. Na yi shekara arba'in ina gini, an cuce ni, an raina ni, amma ban taɓa jin abin da na ji a kan tsanin nan ba. Kuɗin jama'a ne, an fitar da su da sunan waɗannan bayin Allah, aka saye musu kabari da su, har da fenti.

Na bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce shi ba ya shiga aikin masana. Na biyu ya ce in yi haƙuri, baƙi na zuwa daga nesa, kada a kunyata gari. Na uku ya ba ni goro. Kowa ya yarda da maganata a zaure, babu wanda ya yarda ya maimaita ta a waje.

Washegari, ana gobe biki, bayan azahar iska ta tsaya cak. Ina zaune da Baba Ummaru a dakali sai ya dubi gabas ya ce, "Ga shi nan tahe." Hadari ne baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har sama, 'yan kasuwa sun fara kwashe kaya. Daga ciki Inna Kulu ta ce, "Ummaru, ƙamshin ruwa nika ji."

Ban yi shawara da kowa ba. Na ari diga a wurin masu gyaran kwata, Baba Ummaru ya riƙe mini tsani, na hau na fara huda bangon rufin don ruwa ya samu mafita. Kafin in gama huda ta farko ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin ta biyu ya kai mini idon sawu, ina jin rufin yana laushi a ƙarƙashin ƙafata. Na bar sauran na tafi kusurwar Inna Kulu, na dinga sara ina salati, har bulon ya faɗa titi. Ruwan ya yi waje da ƙarfi, ja wur, ya wanke farin bangon tun daga sama har koren layi, ya bi ta kan allon manya. Na sauko jiƙe sharkaf, na leƙa ɗakin. Ɗigo uku ne kawai a gefen gadon, Baba Ummaru ya tara kwano. Inna Kulu ta ce, "Bakano, ka jiƙe. Allah shi ba ɗiyanka mai yi musu haka."

Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba. Injiniya ya zo da 'yan banga, ya ce na ɓarnata dukiyar jama'a, a kulle ni. Aka kai ni gaban wani dattijon gari, ya saurari kowa, ya ce baƙo ne, a bar shi ya tafi da mutuncinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mutuncina na zo nema ba, a bar ramukan nan a buɗe." Ya ce za a duba. Kalmar nan ta za a duba, na ji ta a garin nan har na tsane ta. Da sassafe, tun kafin a fara jera kujeru, aka sa ni a motar Gummi, wai ta can ya fi sauƙin samun ta Gusau. Na ga leburori a kan tsani da bokitin fenti.

Kafin motar ta tashi Baba Ummaru ya ɗingiso ya same ni. Na ba shi katsin nan da ya sha tambaya a shinge, na nuna masa yadda zai cike tsaga. Ya matso kunnena ya ce ranar da aka zubar da indararon a bola ya tsinci guda, yana ƙarƙashin gadon Kulu.

Bayan na dawo da mako guda Malam Bello ya kira ni. An yi biki lafiya, an yanka ƙyalle, an samu wani ya sa hannu. Ramuka biyu an toshe su da siminti. Na ukun, na kan ɗakin Inna Kulu, shi Bello ya roƙi leburan ya cusa tsumma kawai ya shafa fenti a kai. Kuma kwamiti ya kafa doka: kada a canza komai a fuskar ginin sai masu duba aiki sun zo daga sama sun gani, wanda ya taɓa za a kore shi daga gidan. Yaushe za su zo? Babu wanda ya sani, hanya ba kyau.

Saboda haka yanzu duk sanda hadari ya haɗo, Baba Ummaru yakan jawo indararon daga ƙarƙashin gado, ya ɗaura shi a baya kamar goyo, ya hau tsani da ƙafa ɗaya da rabi. Ya zare tsumma, ya kafa itacen, ya zauna a sama yana riƙe da shi don kada iska ta fizge. In ruwa ya ɗauke ya cire, ya mayar da tsumma, ya sauko kafin mai gadin da kwamiti ya sa ya fito daga rumfa. Sauran mutanen gidan suna tsoron kora, ban kuma ga laifinsu ba, wanda aka kora daga nan ba shi da wani wurin.

Masu tambayar tsaraba, ita ke nan. Shekaranjiya da la'asar muna zaune da ku a majalisa kuka ga na tashi da waya na koma gefe, kuka ce ko amarya ce. Bello ne na kira, don na ji an ce ana ruwa a yamma. Ya ce ana yi, tun azahar, kuma tsohon yana sama. Na ce wa ke riƙe masa tsani?

Ya ce, "Babu kowa, Baba Sabo. Inna Kulu ce dai ke kiran sunansa daga ciki. In ya amsa, ta san bai faɗo ba."